TARIHIN TSARA TASHAR MIƘA SHIRYE-SHIRYEN REDIYO A GAJEREN ZANGO: MISALI DAGA TSIBIRIN ASCENSION

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun daɗe suna ambaton gidajen rediyon ƙasashen waje cikin jerin abubuwan da suka taimaka wa yaɗuwar harshen da bunƙasarsa. Galibi idan an zo wannan magana, akan tsaya ne a kan ma'aikatan sassan Hausa, da irin fassarar da suke yi, da kalmomin da suke amfani da su. Ba safai akan waiwayi hanyar da muryar take bi ba, tun daga ɗakin watsa shirye-shirye a Landan ko Kolon ko Washintan har ta iso akwatin rediyon mai sauraro a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Alhali kuwa shirin da ba a ji shi sosai ba, komai kyawun Hausarsa, bai amfani kowa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda aka tsara ɗaya daga cikin tashoshin da suka ɗauki wannan nauyi, wato tashar da gidan rediyon BBC ya buɗe a tsibirin Ascension cikin shekarar 1966. Za a kwatanta ta da takwarorinta biyu na zamani ɗaya, ta Muryar Amurka a Laberiya da ta Muryar Jamus a Ruwanda. Abin da ake son nunawa shi ne, a cikin dukkan shawarwarin da akan yanke wajen tsara irin wannan tasha, babu wadda ta kai zaɓen wuri nauyi, kuma siyasa tana da hannu a wannan zaɓe daidai da yadda kimiyya take da shi.

2.0 Tashar Miƙawa da Dalilin Gina Ta

Abin da ake nufi da tashar miƙawa a nan shi ne tashar da ba ta shirya komai da kanta. Aikinta shi ne ta karɓi shirin da aka haɗa a hedkwata, ta ƙara masa ƙarfi, sannan ta sake watsa shi daga wani wuri da ya fi kusa da masu sauraro. Ba za a fahimci dalilin gina ta ba sai an san yadda igiyar rediyo ta gajeren zango take tafiya.

2.1 Tafiyar Gajeren Zango

A shekarar 1901 Marconi ya aika da saƙon rediyo daga Ingila zuwa ƙetaren Tekun Atlantika. Wannan ya sa masana suka shiga tambayar yadda aka yi saƙon ya bi lanƙwasar duniya, tun da yake an san igiyar rediyo a miƙe take tafiya. A 1902 Kennelly na Amurka da Heaviside na Ingila, kowanne a nasa binciken, suka kawo ra'ayin cewa akwai wani rufin iska mai ɗauke da lantarki can sama, wanda yake mayar da igiyar ƙasa. Appleton ne ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji a 1924, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1947. Wannan rufi shi ake kira ayonosfiya.

Gajeren zango, wanda ya kama daga megahaz 3 zuwa 30, ya dogara ne kacokan a kan wannan rufi. Eriya takan harba igiyar sama a karkace, ta bugi ɓangaren rufin da ke tsakanin kilomita 200 zuwa 400 daga ƙasa, ta dawo ta sauka a wani wuri mai nisa. Tsalle ɗaya irin wannan ba ya wuce kimanin kilomita 4,000. Idan tafiyar ta fi haka, dole igiyar ta bugi ƙasa ta sake tashi, kuma a kowane tsalle tana rasa wani kaso na ƙarfinta. Ruwan teku yana mayar da igiya da kyau, amma busasshiyar ƙasa takan shanye ta. Akwai kuma yankin da igiyar take tsallakewa gaba ɗaya, tsakanin inda ta tashi da inda ta fara sauka, ta yadda wanda ke kusa da tasha yana iya kasa jin abin da na nesa yake ji raɗau.

Bugu da ƙari, shi kansa rufin ba a tsaye yake ba. Hasken rana ne ke samar da shi, don haka yana sauyawa tsakanin dare da rana, da tsakanin damina da rani, yana kuma bin zagayen tabon rana da ke ɗaukar kimanin shekara 11. Wannan shi ne asalin sanarwar da masu sauraro suka saba ji, inda akan ce su nemi shirin rana a kan mita 13 ko 16, na asuba da na dare kuwa a kan mita 31 ko 41.

2.2 Matsalar Nisa

Tsakanin Landan da Kano akwai kimanin kilomita 4,500. Ke nan tsalle ɗaya ba ya isa, kuma tsakiyar hanyar tana faɗawa ne cikin hamadar Aljeriya, inda yashi ba ya mayar da igiya yadda ya kamata. Sakamakon haka shi ne murya mai zuwa tana komawa, wadda babban akwatin rediyo mai doguwar eriya zai iya kamawa, amma ƙarami ya kasa. Ƙara ƙarfin na'urar watsawa a Ingila yana rage matsalar, ba ya kawar da ita. Maganinta shi ne a matso da na'urar zuwa inda tsalle ɗaya zai wadatar.

3.0 Halin da Ake Ciki Kafin 1966

BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen daular Birtaniya ranar 19 ga Disamba, 1932, daga garin Daventry na Ingila. A Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta magance raunin muryar ta hanyar rediyo mai waya. Akan kama shirin Landan da babbar na'ura a wuri guda, sannan a rarraba shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a. An fara wannan tsari a Legas a 1935, ya isa Kano a 1944. Muddin Birtaniya ce ke mulki, BBC ba ta da damuwa, domin gidajen rediyon cikin gida suna ɗaukar shirye-shiryenta su miƙa wa jama'a.

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali. Na farko shi ne buɗe sassan harsunan Afirka. Sashen Hausa ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti 15 wanda Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe sassan Suwahili da Somaliyanci. Masu sauraron waɗannan sassa talakawa ne da 'yan kasuwa da malamai, waɗanda ba su da manyan akwatuna irin na Turawa.

Na biyu shi ne samun 'yancin kai. A shekarar 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 ne suka sami mulkin kansu, cikinsu har da Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Daga nan babu wanda zai tilasta wa gidan rediyon wata ƙasa ya ɗauki labaran Landan. Sababbin gwamnatoci sun buɗe nasu gidajen, kamar yadda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962.

Na uku shi ne gasa. Ƙaramin rediyo mai batir ya bazu cikin birane da ƙauyuka a daidai lokacin da Yaƙin Cacar Baka ya yi tsanani. Mosko da Alƙahira suna watsa shirye-shiryen Hausa a shekarun 1960, Bejin ta buɗe nata sashen a 1963, haka ma Muryar Jamus a wannan shekarar. Mai murɗa rediyo yakan tsaya ne a inda ya ji murya ta fi fita. Saboda haka manyan gidajen rediyo na yammacin duniya suka shiga neman wurin da za su kafa turakunsu kusa da Afirka.

4.0 Sharuɗɗan Zaɓen Wuri

Idan aka yi la'akari da tashoshin da aka gina a wancan zamani, za a ga masu tsara su sun yi ta fama da sharuɗɗa shida:

(a) Nisa da alƙibla. Dole wurin ya kasance cikin tsalle ɗaya daga masu sauraro, amma kada ya yi kusa har igiyar ta tsallake su. Ana kuma son gaban eriya ya zama sarari, babu dutsen da zai tare ta.

(b) Fili. Eriyar da ake amfani da ita wayoyi ne da ake ratayawa kamar labule tsakanin dogayen turakun ƙarfe. Kowace alƙibla da kowane rukunin mita suna buƙatar nasu labulen, don haka tasha ɗaya takan ci fili mai faɗin gaske.

(c) Wuta da ruwa. Na'urar watsawa mai ƙarfin kilowat 250 irin ta wancan lokaci tana cin wutar da ta kai kusan ninki biyu na abin da take fitarwa. Sauran yakan zama zafi, wanda sai an sanyaya shi da tsabtataccen ruwa.

(d) Hanyar kawo shiri. Kafin zuwan tauraron ɗan'adam, ta gajeren zango ake aiko wa tashar da shiri daga hedkwata. Wannan ya sa ake buƙatar wata tashar karɓa daban, nesa da na'urorin watsawa, don kada ƙarfinsu ya danne muryar da ake son kamawa.

(e) Mitoci. Ba a watsa shiri a duk inda aka ga dama. Akan yi rajistar mitoci da Hukumar Sadarwa ta Duniya da ke Janiba, a daidaita da sauran ƙasashe don kada murya ta hau kan murya.

(f) Izini da zaman lafiya. Tashar da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina ana sa ran ta yi aikin shekara 30 ko fiye. Sai an tabbata mai ƙasar ba zai tashi wata rana ya rufe ta ba, kuma yaƙi ba zai ci ta ba.

Biyar na farko lissafi ne da injiniya zai iya yi a kan takarda. Na shidan kuwa hasashe ne na abin da siyasa za ta haifar, kuma BBC ta riga ta ɗanɗana kuɗarsa. Tana da tashar miƙawa a garin Barbara na Somaliya. A 1963 Somaliya ta yanke hulɗar jakadanci da Birtaniya saboda rikicin yankin arewa maso gabashin Kenya, inda Somaliyawa suke da yawa, aka kuma rufe tashar. An yi asarar kuɗi da lokaci, masu sauraro kuma suka rasa muryar da suka saba. Wannan ya faru ne a daidai shekarun da ake shirin tashar da za ta yi wa Afirka ta Yamma aiki.

5.0 Tsibirin Ascension

5.1 Yanayin Tsibirin

Ascension ɗan ƙaramin tsibiri ne da dutse mai aman wuta ya samar a tsakiyar Kudancin Tekun Atlantika. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 88 ne. Yana da nisan kimanin kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka, da kimanin 2,300 daga gaɓar Barazil. Matuƙan jiragen ruwan Fotugal ne suka fara ganinsa a 1501, amma bai ja hankalin kowa ya zauna ba, saboda ƙarancin ruwan sha. Sai a 1815 Birtaniya ta girke sojoji a kansa, lokacin da aka tsare Nafoliyon a tsibirin Saint Helena, don kada Faransawa su yi amfani da shi wajen kuɓutar da shi. A 1899 aka sauko da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku a tsibirin, a 1942 kuma Amurkawa suka gina filin jirgin sama a can saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Idan aka auna tsibirin da sharaɗi na farko, da wuya a sami wanda ya fi shi. Legas tana da nisan kimanin kilomita 2,500 daga can, Kano kuwa kimanin 3,400. Ke nan dukkan Afirka ta Yamma da babban ɓangare na Afirka ta Tsakiya suna cikin tsalle ɗaya, kuma babu komai a gaban eriya sai teku. Har ila yau, idan aka juya alƙibla yamma, Kudancin Amurka ma yana samun muryar. Da yake dare yana riga sauka a Afirka kafin Barazil da Ajantina, na'urar da ta gama aikin Afirka da maraice tana iya komawa ta yi wa Kudancin Amurka aiki. Wannan ya sa kuɗin da aka kashe ya yi amfani biyu.

A sharaɗi na shida ma babu kamarsa. Tsibirin mallakar Birtaniya ne, ba shi da 'yan asali, kuma duk wanda ke zaune a can aiki ne ya kai shi. Babu jam'iyyar da za ta nemi 'yanci, babu sojan da zai yi juyin mulki, babu ministan da za a nemi izininsa duk bayan 'yan shekaru.

5.2 Abin da Zaɓen ya Ci

Inda tsibirin ya gaza shi ne a sauran sharuɗɗan. Babu wutar lantarkin da za ta ɗauki manyan na'urori, babu kogi, babu tashar da babban jirgin ruwa zai jingina, babu ma'aikata, babu gidajen da za su zauna. Duk wani ƙarfe da buhun siminti sai an kawo shi daga ƙetare, a sauke shi daga jirgi zuwa ƙananan kwale-kwale a cikin teku mai yawan tumbatsa.

Don haka aikin ya wuce kafa eriya. A wurin da ake kira English Bay, a arewacin tsibirin, an gina tashar samar da wuta mai aiki da man dizal, tare da injin da ke tace ruwan teku ya cire masa gishiri. Daga bisani waɗannan ne suka riƙa ba akasarin tsibirin wuta da ruwan sha. An gina sabon ƙauye mai suna Two Boats a gindin dutsen Green Mountain don zaman ma'aikata da iyalansu. An ɗauko injiniyoyi daga Birtaniya, da ma'aikata masu yawa daga Saint Helena, mai nisan kimanin kilomita 1,300. Hatta tsarin mulkin tsibirin sai da ya sauya. Tun 1922 kamfanin wayar tangarahu ne ke tafiyar da shi, amma a 1964, da sababbin hukumomi suka fara shigowa, gwamnati ta naɗa masa kantoma.

Tashar ta fara aiki a 1966 da na'urori huɗu ƙirar kamfanin Marconi, kowace mai ƙarfin kilowat 250, daga baya aka ƙara biyu. A shekarun farko ta gajeren zango take karɓar shiri daga Ingila, don haka duk wani rauni da muryar ta samu a hanya tare da shi ake miƙa ta. An magance wannan a shekarun 1980, da aka koma aiko da shiri ta tauraron ɗan'adam. A 1997 aka miƙa gudanar da tashoshin watsawa na BBC ga wani kamfani mai zaman kansa, Merlin, aikin kuma ya yi ta sauya hannu daga baya. A 2010 aka kafa injinan samar da wuta daga iska guda biyar, don rage kuɗin man da ake jigilarsa ta teku.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin zaɓen. A shekarar da aka buɗe tashar an yi juyin mulki sau biyu a Nijeriya, a Janairu da Yuli, an kuma hamɓarar da Nkrumah a Gana a watan Fabrairu. A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, ya ɗauki wata 30. Da a ce a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe aka gina tashar, da duk labarin da BBC ta karanta game da mai masaukinta sai ta auna shi da makomar turakunta.

5.3 Abin da Ba a Hango Ba

Duk da haka, tsibirin bai kare tashar daga siyasa gaba ɗaya ba. A 1982, lokacin yaƙin Birtaniya da Ajantina a kan tsibiran Falkland, Ascension ya zama sansanin jiragen yaƙin Birtaniya. Ma'aikatar Tsaro ta karɓe ɗaya daga cikin na'urorin tashar, ta riƙa watsa shirye-shirye da Sifaniyanci zuwa ga sojojin Ajantina da nufin karya musu gwiwa. BBC ba ta so haka ba, domin tana tsoron a ɗauki muryarta a matsayin farfagandar yaƙi, amma ba ta da ikon hanawa. Wato an guje wa matsin gwamnatocin wasu, aka gamu da na gwamnatin gida.

6.0 Kwatanci da Laberiya da Ruwanda

Amurka da Jamus ba su da tsibiri irin wannan kusa da Afirka, saboda haka suka nemi masauki a cikin nahiyar. Amurka ta zaɓi Laberiya, ƙasar da take da tsohuwar dangantaka da ita, wadda kuma a lokacin ake ganin ta fi kowace zaman lafiya a yankin. An buɗe tashar Muryar Amurka a Careysburg, kusa da Manrobiya, a 1964. Daga can zuwa Kano kimanin kilomita 2,200 ne, ga tashar jiragen ruwa, ga ma'aikata. Da aka buɗe sashen Hausa na Muryar Amurka a 1979, ya tarar da wannan tasha tana jiransa. Ta tsallake juyin mulkin Samuel Doe na 1980, amma ba ta tsallake yaƙin basasar da Charles Taylor ya tayar a Disamba 1989 ba. A 1990 tashar ta daina aiki, aka kuma wawashe ta. Dole Amurka ta yi gaggawar kafa na'urorin gajeren zango a Botsuwana a 1991, sannan ta gina sabuwar tasha a Sao Tome cikin shekarun 1990. Abin lura a nan shi ne, a karo na biyu tsibiri ta zaɓa.

Jamus ta Yamma kuwa Ruwanda ta nufa, ƙasar da ta taɓa mulka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. An buɗe babbar na'urar tashar Kinyinya, a gefen Kigali, a 1965. Wurin yana kusa da tsakiyar nahiyar, don haka daga can ana iya kai murya gabas da yamma da kudu, kuma Kano ba ta kai kilomita 3,000 daga can ba. Sai dai Ruwanda ba ta da gaɓar teku, duk wani kaya mai nauyi sai ya ratso ƙasashen maƙwabta. A watan Afirilu na 1994, da kisan ƙare dangi ya ɓarke, ma'aikatan tashar Jamusawa suka maƙale a ciki, sai da sojojin Beljiyam suka fitar da su. Tashar ta ci gaba da aiki bayan yaƙin, har zuwa watan Maris na 2015, lokacin da Muryar Jamus ta rufe ta bayan shekara 50, a cikin shirinta na rage dogaro da gajeren zango.

Tashoshin nan uku an gina su ne cikin shekara uku a jere, don manufa iri ɗaya, da na'urori masu kusan ƙarfi ɗaya. Biyun da ke cikin nahiyar sun fi sauƙin gini da gudanarwa, amma dukansu yaƙi ya iske su. Ta tsibirin ta fi wahalar kafawa, ta kuma fi su daɗewa.

7.0 Dangantakar Wannan Tarihi da Harshe

Akwai abubuwa uku da mai nazarin harshe zai ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, faɗin yankin da eriya take rufewa shi ne faɗin al'ummar da ke sauraro. Igiyar da aka harba daga Ascension ba ta san iyakar Nijeriya da Nijar ba. Bahaushen Zango a Gana, da na unguwar Birkitari a Yawunde, da na Damagaram, da na Sakkwato, duk sun riƙa jin Hausa iri ɗaya a lokaci ɗaya, kowace rana. Littafi da jarida ba su iya yin haka ba, domin Nijeriya da Nijar kowace da nata tsarin makarantu, kuma akasarin jama'a ba su karanta boko. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da tsagaita wuta, da takunkumi, da ƙuri'ar raba gardama, ko da wa ya fara ƙirƙirar su, maimaitawar rediyo ce ta zaunar da su a bakin jama'a.

Na biyu, yawan na'urori shi ke ƙayyade lokacin da kowane harshe zai samu. Na'ura ɗaya ba ta ɗaukar shiri biyu a lokaci ɗaya, kuma kowane sashe yana son sa'o'in asuba da na bayan magariba, lokacin da jama'a suke gida. Ke nan jadawalin tashar wani nau'i ne na tsarin harshe, inda Hausa take gogayya da Ingilishi da Faransanci a kan mintoci. Gurbin da Hausa ta samu a wannan jadawali ya ba ta matsayin da sauran manyan harsunan Nijeriya ba su samu ba a wancan zamani. BBC ba ta buɗe sashen Fijin ba sai a 2017, na Yarabanci da na Ibo kuwa sai a 2018, kuma ta intanet da talabijin aka tsara su, ba ta gajeren zango ba.

Na uku, batun izini bai ƙare ba. Tun daga shekarun 1990 gidajen rediyon waje suka koma dogaro da tashoshin FM na cikin ƙasashe, waɗanda muryarsu ta fi fita, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi. Amma kowace irin wannan tasha tana ƙarƙashin lasisin gwamnatin ƙasar da take. A watan Agusta na 2023 gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da Rediyon Faransa, a Disamba 2024 kuma ta dakatar da BBC na wata uku. Abin da ya faru a Barbara a 1963 ke nan ya sake dawowa da wata siga. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta dakatar da aikin Muryar Amurka, har da sashen Hausa, abin da ke tunatar da darasin 1982, cewa mai biyan kuɗin tasha ma yana iya ɗauke muryar.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin tsara tashar miƙawa ta tsibirin Ascension, tun daga dalilan kimiyya da suka sa aka buƙace ta, da halin siyasar da aka gina ta a ciki, har zuwa kwatanta ta da tashoshin Laberiya da Ruwanda. An ga cewa Birtaniya ta yarda ta ɗauki nauyin samar da wuta da ruwa da gidaje a tsibirin da babu komai, domin ta sami wurin da ba za a kore ta ba, kuma abubuwan da suka faru a 1990 da 1994 sun nuna lissafin nata ya yi daidai. An kuma ga cewa wannan kariya tana da iyaka.

Darasin ya shafi Nijeriya kai tsaye. Muryar Nijeriya, wadda ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1990, ta buɗe babbar tashar gajeren zango a Lugbe da ke Abuja a 2012. Duk ƙasar da ke son a ji harsunanta a ƙetare za ta fuskanci tambayoyin da masu tsara tashar Ascension suka fuskanta, wato ina za a kafa turaku, wa zai ba da wuta, wa kuma ke da ikon kashe ta. Ya dace masu rubuta tarihin Hausar rediyo su haɗa da jadawalin mitoci da taswirar tashoshi cikin abubuwan da suke nazari, domin ta nan ne za a gane su wa suka ji wace Hausa, a wane lokaci, kuma na tsawon minti nawa.